Ranar da Aka Shayar da Kwamfutata a Rogo

A garin Karaye, idan ka tambayi wanda ya san kwamfuta, za a nuna maka mutum biyu ko uku waɗanda da ita suke cin abinci. Idan kuwa ka tambayi wanda ya fi kowa surutu a kanta, ƙofar gidana za a sauke ka, ko da ɗan acaɓan jiya ya shigo garin. Ni malamin gona ne. Taki na sani, da irin gyaɗa, da tsutsar masara. Kwamfuta kuwa so ne kawai ya haɗa mu, irin son da wasu ke yi wa tattabaru: ba ta ciyar da ni, tana cinye min lokaci, tana ɓata min rai, kuma gobe da safe ita zan fara leƙawa kafin in leƙa akuyata.

Laftof ɗina ta gwanjo ce, a Kano na saye ta tun ina da baƙin gashi. Nauyinta kamar dutsen niƙa. Idan na kunna ta, fankar cikinta sai ta tashi da wani gurnani har kajin maƙwabta su shige akurki. Amma tana jin magana. In na ce buɗe, ta buɗe. In na ce rufe, ta rufe. Sirrin zaman lafiyarmu ɗaya ne: shekara da shekaru ban bar ta ta hau intanet ba. Duk abin da nake so a waya nake nemowa, in ɗauko mata a filash, kamar yadda ake kai wa mai jego abinci har ɗaki.

Dalili kuwa shi ne babban kamfanin nan da ke yin manhajar da kusan kowace kwamfuta ke tafiya a kanta. Ba zan kira sunansa ba. Mu dai Dagaci muke ce masa, tunda ko kana so ko ba ka so, a ƙauyensa kake. Da kwamfutarka ta shaƙi intanet, sai Dagaci ya aiko a sabunta ta. Ba sallama, ba neman izini na kirki. Ka kwana da abinka a dama, ka wayi gari an mayar da shi hagu, an canza masa launi, an ɓoye shi a ƙarƙashin wasu ɗigo uku, sannan a ce maka wai an sauƙaƙa maka aiki. Ka yi tunanin ka dawo daga gona ka tarar maƙwabci ya shiga gidanka ya kai gadonka madafa, ya kai tukunyar miya ɗakin barci, kuma yana tsaye yana jiran ka gode masa.

Kuma wai ci gaba ake yi. Kwamfutocin yanzu, in ji masu sayar da su, sun ninka na da ƙarfi ninkin ba ninkin. To ina ƙarfin yake tafiya? Takarda mai layi huɗu nake so in buga wa manoma a kan feshin wake. A tsohuwata, kafin in gyara zama ta buɗe. A sabuwar da aka kawo mana ofis, sai ta tambaye ni sunana, ta tambaye ni lambar sirri, ta turo wata lambar a waya, wayar kuma babu sabis sai na fita gindin darbejiya na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Kafin in dawo, lambar ta mutu. A da kai ke ba na'ura umarni. Yanzu ita ke ce maka ka jira, kuma cikin ladabi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Irin waɗannan maganganu muna da wurin zubar da su. Akwai guruf ɗinmu a waya, na masu sha'awar kwamfuta na Karaye da Rogo da ƙauyukan da ke tsakani. An kafa shi don taimakon juna, kuma na rantse tun da aka kafa shi ban ga an gyara ko linzamin kwamfuta ɗaya a ciki ba. Da safe gaisuwa ce: an tashi lafiya, ya iyali, ya damina, ya ƙoƙari, har rana ta take. Daga nan sai wani ya turo matsala, misali firintarsa ta ƙi aiki. Na farko ya ce shi ma tasa haka take. Na biyu ya ce ai tun bara ya faɗa. Na uku ya ce duk makircin Dagaci ne. Wani malamin makaranta daga Tudun Kaya kuma, wanda amsarsa ɗaya ce a duniya, ya ce a koma wa manhajar kyauta wadda ba ta kamfanin kowa ba. Mutumin nan ko akuyarka ce ke zawo, zai ce da ka koma wa manhajar kyauta da ba haka ba. Mai firinta kuwa yana nan da firintarsa har yau.

Ni ne limamin masu ƙorafi, ba na musu. Amma ina da abokin faɗa, wani mai shagon buga takardu a bakin kasuwar Rogo, sa'ana ne, mun san juna tun muna samari. Shi ne lauyan Dagaci a guruf. Duk abin da aka sabunta, shi zai fara cewa ya yi kyau. Yana kirana “Sarkin Gwanjo,” ina kiransa “Ɗan Dagaci.” Ya ce mutanen Karaye da za a bar mu da har yanzu a allo muke buga takardar ofis. Na ce mutanen Rogo ko guba aka sa wa sabon kwali za su sha su ce ta fi ta bara daɗi. Haka muke, kuma in an kwana biyu bai tsokane ni ba sai in kira shi in ji ko lafiya.

Matata 'yar Rogo ce. Shekarun baya, a cikin sayen-sayen da take kira kayan wahala, na sayo wata 'yar rikoda a Kano, ba ta fi ɗan yatsa biyu ba, ba ta da sunan kamfanin kirki a jiki. Ta zo da ɗan faifai mai manhajar da ke kunna abin da ta ɗauka, don muryar da take ajiyewa babu wata manhaja a duniya da ke gane ta sai wannan. Ranar da muka je gaida surukaina, ina ɗokin gwada abata, kuma ni ba mai shiga cikin gida in zauna gaban surukata ba ne. Sai na danna, na miƙa wa matata, na ce ta ajiye kusa da Inna, haka suke kiran mahaifiyarsu, ta bar ta tana ɗauka. Suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida a lokacin. Da muka koma na juye abin a laftof, na saurari farkonsa na ji ya ɗauka, na manta da shi. Rikodar daga baya ta faɗa bokitin wanki ta riga mu gidan gaskiya. Faifan kuma ya tsage, wani ɗan acaɓa ya roƙa ya maƙala a bayan babur ɗinsa don ado. Manhajar dai ta zauna a cikin laftof ɗina, ita kaɗai, kamar tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni.

Inna ta rasu bara waccan. Mace ce da ba ta taɓa yarda an ɗauki hotonta ba, ko a biki, ko a suna. In ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Don haka da ta tafi, babu abin da ya rage nata sai tukwanenta da turminta.

Wata rana da hantsi matata tana tankaɗe sai ta tsaya ta ce, “Malam, wannan 'yar abar taka da ka taɓa ba ni na ajiye gaban Inna, ina abin da ta ɗauka?”

Na kunna laftof, kaji suka gudu, na lalubo fayil ɗin. Lasifikar laftof ɗin ta daɗe da zama kukan sauro, sai na sa mata abin kunne. Ban ji abin da ta ji ba. Na dai ga ta zauna a ƙasa da rariya a hannu, garin yana zuba a kan zaninta ba ta sani ba.

Na so in fitar da muryar daga wannan kurkuku in mayar da ita irin wadda kowace waya ke kunnawa. Manhajar ba ta da ƙofar fita, kunnawa kawai ta iya. Na kai maganar guruf. Aka yi min ta'aziyya, aka la'anci masu yin rikodar, aka la'anci Dagaci duk da ba ruwansa a wannan karon, malamin Tudun Kaya ya faɗi abin da ya saba faɗa. Ban samu amsa ba.

Matata kuwa ta riga ta gaya wa mahaifinta. Baba tsoho ne, kuma kunnensa ya fara nauyi sosai, kullum ƙara nauyi yake, har sai an durƙusa kusa da shi an ɗaga murya. Ya aiko cewa bayan Sallah, ranar da 'ya'yansa mata za su taru a gida, in zo da na'urar ya ji. Yayan matata, wanda ni ma Yaya nake ce masa, ɗan kasuwar hatsi ne, ya ce zai aro babbar lasifika irin ta masu wa'azi, a jona, Baba ya ji da kyau, kowa kuma ya kara wayarsa ya ɗauka. Shiri ya yi kyau. Na goge laftof da tsumma, na naɗe ta a cikin bargo, na rungume ta a mota daga Karaye har Rogo kamar jaririya.

Muka tarar da soro an share, an shimfiɗa tabarmi, janareta na ruri a waje. Baba yana zaune a kan buzunsa. Matan gidan sun taru a bayan ƙofar da ke shiga tsakar gida, ana jin motsinsu. Na cire takalmi tun daga nesa, na miƙa wa Yaya laftof ɗin ya kunna ya jona lasifika, ni kuma na durƙusa gaban Baba, kaina a ƙasa.

Duk wanda ya san gaisuwar suruki ya san ba a gaggawa. An zo lafiya, lafiya lau. Ya hanya, ya mutanen Karaye, ya yara, ya aikin gwamnati, ya aka ji da haƙuri. Kuma da yake kunnen Baba ya yi nauyi, kowace amsa sai na maimaita. Ina cikin wannan ne na ji Yaya yana cewa, da muryar mai alfahari, “Baba, bari in jona masa ita da na'urar nan tawa, ta samu intanet mai ƙarfi.”

Ashe Yaya ya sayi 'yar na'urar waifai, sabuwa fil, kuma tun da ya saye ta duk baƙon da ya shigo gidan sai an jona masa waya kafin a kawo masa ruwa.

Baba ya karkato kunne. “Me ka ce?”

“Intanet, Baba! Abin da kwamfuta ke sha!”

“To ka ba ta mana,” in ji Baba. “A da in baƙo ya zo a kan jaki ko doki, sai an shayar da dabbar kafin shi a ba shi. Ita ma ai ta sha hanya.”

Jama'a, ina durƙushe. Mutumin da ya ba ni 'yarsa yana karrama na'urata a cikin soronsa. Ni da ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba, yau zan ɗaga kai in ce a'a, Baba, kada a shayar? A guruf ina iya rubuta shafi guda a kan Dagaci ban numfasa ba. A nan kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, “Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma.”

Na ce a raina wataƙila ta tsufa da yawa, Dagaci ya manta da ita. Ina! Dagaci ba ya manta talakansa. Ban gama rufe baki ba Yaya ya ce, “Ga wani rubutu ya fito. Tana tambaya wai ko a sabunta ta.”

“Wai me?” in ji Baba.

“Wai a mayar da ita sabuwa!”

Baba ya dubi laftof ɗin, ya ga gefen da na ɗaure da salatif. “Ai kuwa tana bukata. A yi mata, tunda ta zo gidanmu.”

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Wani ɗan sauti ya fito kamar na ɗan akuya da aka taka wa wutsiya. Baba ya juyo ya ce, “Ka ce me, ɗana?” Sai na ji kaina ina cewa, “Na ce to, Baba.”

Yaya ya danna.

Allon ya koma shuɗi. Wasu ɗigogi suka fara zagaye kamar 'yan gaɗa, ga rubutu a ƙasa cewa kada a kashe kwamfuta. Na'urar da ta yi shekaru tana azumi ta samu rijiya, sai ta dinga sha. Aka yi azahar, tana sha. Muka dawo daga masallaci, tana sha. Ta mutu da kanta, ta farfaɗo, kowa ya gyara zama, sai ta koma zagayenta. Aka ƙara wa janareta mai. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe mai ƙamshin da zai tada matacce, aka ajiye a gabana, ni kuma ba na ci gaban suruki, sai na zauna ni da kwanon muna kallon juna, ga yunwa ga fargaba. Daga bayan ƙofa wata daga cikin ƙannen matata ta ce mata, yadda zan ji, “Yaya, mijin naki ya ce minti nawa ne?” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Matata ba ta yi ba.

Baba kuwa bai gaji ba. Yana jan carbi, lokaci-lokaci ya dubi lasifikar, ba allon ba. Can ya ce, ba da kowa yake ba, “Muryarta ce na fara mantawa. Fuskar tana nan.” Daga nan ban ƙara jin yunwa ba.

Bayan la'asar ta buɗe. Ta yi min sannu da zuwa da manyan haruffa, ta ce ta shirya min komai, ta nuna min hoton wani dutse mai ƙanƙara wanda ban roƙa ba. Na matsa da gwiwa na nemi 'yar manhajar rikoda. Babu. A gefe ga ɗan saƙo cikin ladabi, wai an cire wata tsohuwar manhaja saboda ba ta dace da sabon tsari ba. Fayil ɗin muryar yana nan, fari fat kamar takardar da ba a rubuta komai ba. Na danna. Ta tambaye ni da me nake so a buɗe shi. Da me! Da wanda kika cinye, 'yar nema!

Ban san yadda na yi wa Baba bayani ba. Yaya ne ya durƙusa ya faɗa masa a kunne. Baba ya ce, “Ba komai. Allah bai nufa yau ba. Ka ci abincinka, ɗana.” Ya tashi ya shiga gida don in samu in ci. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

A motar komawa matata ba ta dube ni ba. Ba fushi take ba, da fushi ne na san maganinsa. Tana kallon gonaki ta taga kawai. Muna wuce wani ƙauye ta ce, “Ni na ji. Shi ne bai ji ba.” Shi ke nan abin da ta faɗa har gida.

Washegari na zauna na rubuta ƙorafin da ban taɓa rubuta irinsa ba. Na fara daga ranar da aka ƙera kwamfuta ta farko na gangaro. Na ce kamfanin da zai shiga na'urar mutum ya kwashe abin da bai ajiye ba, a ƙauyenmu sunansa daban. Na ce su zo Rogo su gaya wa tsoho cewa matarsa ba ta dace da sabon tsari ba. Yatsana har ya yi zafi. Na tura.

Guruf ya kama da wuta. Aka yi Allah wadai. Wani ya turo hoton fuska mai hawaye har guda goma a jere. Wani ya ce shi ma an taɓa cinye masa wasan kati. Wani ya ce a rubuta wa Dagaci takardar koke da sa hannun kowa, aka shiga gardamar da Hausa za a rubuta ko da Turanci, gardamar da ta kai su har magariba. Malamin Tudun Kaya ya ce da na koma wa manhajar kyauta. Na ajiye wayar don kada in rubuta abin da zai hana mu gaisawa a jana'iza. Na gwada mayar da laftof ɗin yadda take a da, ta ce min wannan hanyar ba ta samuwa, cikin ladabi dai.

Abin da na lura shi ne Ɗan Dagaci bai ce komai ba. Na ɗauka kunya ce ta kama shi. Sai ga kiransa da safe.

“Sarkin Gwanjo, ka gama wa'azin?”

“In dariya ka kira ka yi min, yi ka gama, ina da feshi.”

“Faifan rikodar nan, ba wani ɗan ƙarami ba ne mai hoton kunne a jiki?”

“Shi ne. Ya aka yi ka sani?”

“Ka manta na are shi? Ranar da ka zo kana yi min burga da ita a shago.”

Sai na tuna. Mu masu wannan ciwo muna da wata ɗabi'a: duk faifan da ya ratsa hannunmu sai mun ɗora abin da ke cikinsa a kwamfuta, ko muna da na'urar ko ba mu da ita. Mutum ba shi da rikoda, amma yana da manhajar rikoda, saboda wa ya sani.

Na ce, “To ai kwamfutocinka duk ka sabunta su, kai da kake sabunta har buta.”

Ya yi ɗan tari. “Akwai wata a ƙarƙashin tebur.”

“Wace?”

“Wata dai. Ka zo da fayil ɗin a filash. Kuma in ka faɗa a guruf, ni da kai har abada.”

Na hau motar farko. A ƙarƙashin teburin shagonsa, an rufe ta da buhun taki, an ɗora mata butar shayi, ga wata tsohuwar kwamfuta ta tebur, mai allo mai ƙusumbi kamar tukunyar rini. Ta girmi tawa nesa ba kusa ba. Ashe babbar firintarsa, wadda ke buga masa katin biki da kalandar makarantu, wadda ita ce ke riƙe da shagon, ba ta jin yaren kowace kwamfuta sai wannan. Lauyan Dagaci, mai yi mana huɗubar ci gaba safe da yamma, ya ɓoye tsohuwa a ƙarƙashin tebur bai taɓa bari ta ji ƙamshin intanet ba.

Na tsaya na dube shi. Na ce, “Ɗan Dagaci.”

Ya ce, “Rufe min baki ka kama nan.”

Muka jawo ta. Wani ƙadangare ya fito daga bayanta da alamar an tashe shi daga gidan gado. Muka kunna, ta yi nishi, ta yi tari, ta buɗe. Ga 'yar manhajar nan da hoton kunnenta a kusurwa. Na sa filash. Muka ji ƙarar ɓawon gyaɗa, sai na ce ya tsayar. Ba mu ne za mu fara ji ba.

Bai yarda ɗan acaɓa ya ɗauke ta ba. A baro muka ɗora ta a kan katifar yara, shi yana turawa, ni ina rungume da allon, muka ratsa kasuwar Rogo mutane na tambaya ko asibiti za mu kai ta. Na kira matata ta taho, Yaya ya sake aro lasifikar, aka aika wa 'yan'uwan da ke kusa.

Wannan karon gaisuwar ma Baba ne ya gajarta ta. Ya sa aka matso masa da lasifikar har gefen buzunsa, ya kara kunnen da ya fi ji. Matan suka turo wayoyinsu ta ƙofa, aka jera su a kan tabarma. Na danna.

Ɓawon gyaɗa. Kaza a nesa. Sai murya, tsaf kamar tana bayan ƙofa.

“Ke, mene ne wannan kika ajiye min a gaba kamar kyankyaso?”

Muryar matata, tana yarinya-yarinya: “Na Malam ne, Inna. Magana yake ɗauka.”

“Magana? To ya ɗauka. Mijin nan naki dai ba ya gajiya da sayen kayan wahala.”

Soro ya fashe da dariya, ni kuma na nemi ƙasa ta tsage. Inna ba ta tsaya nan ba. Ta koma kan injin niƙa, wai tun da aka kawo shi tuwo ya daina ɗanɗanon tuwo, sai warin baƙin mai. Ta koma kan ƙuli-ƙulin yanzu da ba a matse shi da hannu. Ta ce komai an ce an sauƙaƙa, amma ita ba ta ga wanda ya huta ba. Ɗan Dagaci ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce a hankali, “Da tana nan da mun sa ta a guruf.” Daga nan ta sauko kan Baba kansa, wai ya sayi rediyo ya hana kowa barcin rana, kuma in an yi magana ya ce labarai yake ji alhali minshari yake.

Baba ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Sannan dariyar ta tsaya, ya sa gefen rawaninsa a ido, ya bar shi a nan. Daga bayan ƙofa ba a jin komai sai jan hanci. Muryar ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, tana aiken wani ya kore akuya, har ta yanke a tsakiyar magana inda batirin rikodar ya ƙare a wancan lokacin.

Aka duba wayoyi, duk sun ɗauka. Yaya, wanda tun ranar farko yake jin kamar shi ya yi laifi, ya rasa abin da zai yi don ya kyautata, sai ya shiga ɗaki ya fito da 'yar na'urarsa tana ƙyalli. Ya dubi tsohuwar kwamfutar ya ce, “Ita ma baƙuwa ce. A jona ta?”

Ɗan Dagaci ya yi tsalle ya rungume allon kamar za a yanka masa ɗa. Ni kuwa ina durƙushe gaban suruki, bakina ya sake buɗewa ba abin da ya fito.

Baba ya sauke rawanin daga idonsa. Ban san yadda aka yi ya ji ba.

“Kai, fita da abin nan,” in ji shi. “Wannan ta sha a gida.” Ya gyara kunnensa a jikin lasifikar ya ce min, “Ɗana, mayar da ita farko.”